A Ina Za a Gina? Lissafin Zaɓen Wuri

(Kiɗan buɗe shiri)

  

Yau tambaya ɗaya za mu riƙe, mu bi ta har ƙarshen shiri: a ina? Idan gwamnati ta ware kuɗin asibiti guda, ga kuma ƙauyuka huɗu kowanne na bukata, a ina za a gina shi? Mai hannu da shuni da ke son kafa masana'anta, a ina zai sa harsashi? Magidancin da ya sami aiki a birni, a wace unguwa zai kama haya?

Tambayar tana da nauyi saboda dalili ɗaya. Magani in ya ƙare a kan sake kawowa, ma'aikaci in bai yi ba a kan sauya shi, amma gini in ya kafu ya kafu ke nan. Asibitin da aka dasa a gurbin da bai dace ba, shekara da shekaru mata masu naƙuda da iyayen yara masu zazzaɓi za su yi suna biyan wannan kuskure da ƙafafunsu da aljihunsu, wani lokaci ma da rayukansu.

To, akwai reshen ilimi da ya kai shekara 200 yana fama da wannan tambaya da alƙalami da lissafi. Masanansa kan mayar da gari da hanya da jama'a su zama lambobi, sannan su nemo wurin da ya fi kowane dacewa. Ku gyara zama mu ga yadda suke yi, da abin da ya shafe mu a ciki.

(Gajeren kiɗa)

Wanda ya fara wannan aiki manomi ne. Sunansa Johann Heinrich von Thünen, yana da gandu a wani wuri da ake kira Tellow a arewacin Jamus. Ya shafe shekaru yana rubuta duk abin da ya kashe da duk abin da ya samu a gona, har da kuɗin kai amfani kasuwa. A zamaninsa da keken doki ake dako, kuma dole a ɗora abincin dawakan a kan keken. Duk yadda tafiya ta ƙara nisa, haka kayan sayarwa ke raguwa, abincin dabba na ƙaruwa. Daga nan ya gane cewa akwai nisan da in aka kai shi, hatsi bai da sauran riba.

A 1826 ya wallafa littafinsa. Ya ce mu ƙaddara birni guda a tsakiyar fili shimfiɗaɗɗe, ba kogi ba dutse, ƙasar duk albarkarta ɗaya. Me manoma za su shuka, kuma a ina? Bari mu gwada da lambobin misali irin na gida. A ce kadadar tumatir a bakin birni tana ba da ribar naira 100,000, amma saboda nauyi da saurin ruɓewa, kowace kilomita ta nisa tana cinye 5,000. Kadadar gero kuwa ribarta 40,000 ce, amma kowace kilomita 1,000 kawai take ci, don buhun gero na iya jira. A bakin birni tumatir ne kan gaba. A kilomita 15 sun yi kunnen doki, kowanne 25,000. Da an wuce nan gero ya karɓi fili. A kilomita 20 tumatir ba ya biyan wahalarsa, gero kuwa sai a kilomita 40 zai kai wannan hali.

Haka von Thünen ya sami zobba kewaye da birninsa: lambu da madara a kusa, sai dajin itacen girki saboda nauyinsa, sai gonakin hatsi, can nesa kuma kiwo, tunda dabba da ƙafarta take kai kanta kasuwa. Abin lura shi ne babu sarkin da ya ba da wannan umarni. Kuɗin dako ne ya raba ƙasar, kuma shi ne ya sa gonar kusa da gari ta fi ta nesa tsada ko da albarkarsu ɗaya.

Dattawan ƙasar Kano sun san wannan tsari da idonsu. Wani masanin labarin ƙasa ɗan Ingila, Michael Mortimore, ya yi nazarin karkarar da ke kewaye da birnin tun shekarun 1960. Ya bayyana yadda jakuna ke shiga birni da itace da amfanin gona, su fito da taki. Iyakar inda jaki zai je ya dawo a wuni, nan ne gonaki suka fi samun taki, ake noma su kowace shekara ba hutu. Da hanyar sufuri ta sauya kuwa, sai zobban suka sauya. Layin dogo ya iso Kano a 1911, nan da nan gyaɗa ta zama abin nomawa don kasuwannin ƙetare. Yau kuma kwalta da manyan motoci da ruwan madatsar Tiga sun sa tumatirin Kadawa na kaiwa har Legas. Ƙa'idar tana nan yadda take, farashin nisa ne ya faɗi.

Wannan lissafi bai tsaya a gona ba. A 1964 wani masani a Amurka, William Alonso, ya shigo da shi cikin birni, ya ce magidanci ma haka yake auna abinsa. Kusa da wurin aiki haya da tsada, ɗaki ƙarami, amma kuɗin mota kaɗan. Nesa kuwa haya da sauƙi, ga fili, amma kuɗin mota da lokacin da ake ɓatawa a hanya sun ƙaru. Kowane gida na neman inda jimillar biyun ta fi masa sauƙi.

Ku dubi Abuja. Dubban ma'aikatan da ke cika ofisoshinta da safe a Nyanya da Kubwa suke kwana, wasu a Mararraba ta jihar Nasarawa, wasu a Suleja ta jihar Neja. Ba ra'ayi ne ya kai su can ba, lissafi ne. Shi ya sa duk ranar da kuɗin mai ya tashi, ba direba kaɗai abin ke taɓawa ba. Gidan da jiya yake da sauƙi yau ya zama mai tsada, ba tare da mai gida ya ƙara ko kwabo ba. Ɗan'uwa mai neman haya, kafin ka ce ka sami gida mai arha, haɗa kuɗin motarka da na 'yan makaranta na shekara guda ka ɗora a kan hayar, sannan ka kwatanta.

(Gajeren kiɗa)

Mu koma kan masana'antu. A 1909 wani Bajamushe, Alfred Weber, ya yi tambaya: idan ɗanyen kaya yana wuri biyu, kasuwa kuma tana wuri na uku, a ina za a kafa masana'anta don kuɗin dako ya yi ƙasa? Wurare ukun sun yi alwatika, amsar tana wani gurbi a cikinta. Tushen wannan matsala ya girmi Weber. Tun ƙarni na 17 masanin lissafi na Faransa, Pierre de Fermat, ya jefa ta: ga ɗigo uku, nemo na huɗu wanda jimillar nisansa zuwa gare su ta fi ƙanƙanta. Ɗan Italiya Evangelista Torricelli ya warware ta. Abin da Weber ya ƙara shi ne nauyi, domin ba kowane kaya ne dakonsa ɗaya ba.

Akwai hanyar gano amsar ba tare da alƙalami ba, kuma kowane malamin makaranta zai iya nuna wa ɗalibansa. A shimfiɗa taswira a kan tebur, a huda rami a kan kowane gari. A zura zare ta kowane rami, a ƙasan tebur a ɗaura masa dutse daidai nauyin kayan da za a ɗauko ko a kai can. A sama kuma a ƙulle bakin zarurrukan wuri guda, a saki. Ƙullin zai yi ta jaye-jaye har ya tsaya, inda ya tsaya nan ne dako ya fi arha. Idan dutse ɗaya ya kai nauyin sauran duka a haɗe, ƙullin a bakin raminsa zai tsaya.

Daga nan aka fitar da ƙa'ida mai sauƙi. Kayan da ke rage nauyi wajen sarrafawa, masana'antarsu na zama kusa da tushe. Ana bukatar kimanin tan ɗaya da rabi na dutsen farar ƙasa da sauran haɗi kafin a sami tan ɗaya na ƙullun siminti. Don haka kamfanonin siminti suke Obajana a Kogi, da Ashaka a Gombe, da Kalambaina a Sakkwato, da Malbaza a Nijar, wato a kan dutsen. Rake kuwa sai an matse kimanin tan 10 ake samun tan ɗaya na sukari, ga shi zaƙinsa na raguwa in ya daɗe bayan sara. Shi ya sa kamfanin sukari na Numan yake tsakiyar gonakinsa, shi ya sa kuma masu mazarƙwaila ke kafa injin matsa a bakin gona. Kayan da ke ƙara nauyi ko saurin lalacewa bayan an sarrafa su kuwa, irin su lemon kwalba da ruwan leda da burodi, masu yin su na matsowa jikin masu saye.

Wani zai ce, to in haka ne me ya sa gidajen mai ke jeruwa a mashigar gari, alhali can gaba sai ka yi tafiya mai nisa ba ko ɗaya? Irin wannan tambaya ce Harold Hotelling, masanin lissafi da tattalin arziki a Amurka, ya amsa a 1929. Mu ɗauki titi mai tsawon kilomita ɗaya, gidaje a jere daidai wa daida, ga masu shayi biyu, farashinsu ɗaya, kowa kuma na zuwa wurin wanda ya fi kusa da shi. Abin da ya fi wa jama'a shi ne ɗaya ya kafa tebur a mita 250, ɗayan a mita 750. Ba wanda zai taka fiye da mita 250. Amma na farko zai lura cewa in ya matsa tsakiya kaɗan, mutanen bayansa ba inda za su, ga shi ya ƙwace wasu daga cikin na abokin sana'arsa. Na biyun ma haka zai yi. Ƙarshenta su haɗu a tsakiya kafaɗa da kafaɗa, cinikin kowa bai ƙaru ba, amma mutumin ƙarshen titi yanzu mita 500 yake takawa. Masanan da suka biyo baya sun nuna cewa in gasar ta haɗa da karya farashi, 'yan kasuwa kan gwammace su nisanci juna. Duk da haka darasin Hotelling na nan: abin da ya fi wa kowane ɗan kasuwa shi kaɗai ba lallai ne ya fi wa jama'a ba.

Ba kowace haɗuwa ce asara ba. Tun 1890 Alfred Marshall na Ingila ya kawo dalilai uku da ke sa masu sana'a ɗaya su taru: ƙwararrun ma'aikata na samuwa a wurin, masu kawo kayan aiki na zuwa, sannan dabara na yaɗuwa daga wannan rumfa zuwa waccan. Wanda ya shiga Kantin Kwari a Kano ko Panteka a Kaduna ya ga dalilan nan uku suna aiki. Mai saye ma ya huta, don ya san in ya je zai samu, zai kuma taya a wurare da dama. Nazarin yadda irin wannan taruwa ke gina wasu yankuna ta bar wasu a baya yana cikin abin da ya sa aka ba Paul Krugman kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2008.

Walter Christaller kuma, a 1933, ya duba garuruwan kudancin Jamus ya ce kowace haja tana da ma'auni biyu: mafi ƙarancin masu sayen da za su riƙe mai sayar da ita, da iyakar nisan da mutum zai yarda ya je nemanta. Gishiri da ashana suna kowane lungu, amma likitan ƙashi sai babban birni. Idan kuwa masu sayen wuri ɗaya ba su isa su riƙe ɗan kasuwa kullum ba, sai shi ya riƙa zagayawa. Asalin kasuwannin mako ke nan: Alhamis a Maigatari, Juma'a a Wudil, kowace da ranarta.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, yanzu mun iso inda na fi so mu natsu. Ɗan kasuwa in ya zaɓi wuri mara kyau, jarinsa ne zai gaya masa. Amma asibiti da makaranta da rijiyar burtsatse da ofishin 'yan kwana-kwana ba riba suke nema ba, don haka ba kasuwar da za ta hukunta wanda ya ajiye su a inda bai kamata ba. Jama'a ne ke ɗaukar nauyin, shiru.

A 1964 wani injiniya haifaffen Iran mai koyarwa a Amurka, S. L. Hakimi, ya tsara wannan matsala a kan hanyoyi na zahiri, masu mararraba da kwana. Ya bambanta manufa biyu. Ta farko, a rage jimillar tafiyar da jama'a duka za su yi. Ta biyu, a rage tafiyar wanda ya fi kowa nisa. Kunne zai ji kamar abu ɗaya ne, amma ba ɗaya ba ne. Wanda ke da takarda a kusa ya ɗauko, mu yi misali tare.

Ja layi, hanya ce mai tsawon kilomita 20. A farkonta akwai ƙauye na ɗaya, mutum 600. A kilomita 3 ƙauye na biyu, mutum 1,000. A kilomita 6 ƙauye na uku, mutum 600. Can ƙarshe, a kilomita 20, ƙauye na huɗu, mutum 300. Jimilla 2,500, kuɗin asibiti ɗaya ne kacal.

Mu fara da manufa ta farko. A sa asibitin a ƙauye na biyu. Mutanen na ɗaya za su taka kilomita 3, su 600, ya ba da 1,800. Na uku ma 1,800. Na huɗu kilomita 17, su 300, ya ba da 5,100. Jimilla 8,700. In aka raba wa kowa, kimanin kilomita uku da rabi ke nan. Akwai inda ya fi nan? Gwada matsar da shi gaba da kilomita ɗaya: mutum 900 sun sami sauƙi, amma 1,600 sun ƙara nisa. Mayar da shi baya: 600 sun ji daɗi, 1,900 sun wahala. Ke nan a wannan ma'auni ƙauye na biyu ba shi da na biyu. Sai dai ku tuna da matar ƙauye na huɗu da naƙuda ta kama cikin dare: kilomita 17 ne tsakaninta da ungozoma.

To mu gwada manufa ta biyu. Don kada kowa ya yi nisa fiye da kima, sai a gina a tsakiyar hanya, kilomita 10. Yanzu ba mai wuce kilomita 10. Amma jimillar tafiya ta haura zuwa 18,400, fiye da ninki biyu, asibitin kuma yana tsakiyar daji inda ba kowa, ba ruwa, ba ma'aikacin da zai yarda ya kwana.

Akwai tsaka-tsaki. A ƙauye na uku jimilla 10,800 ce, mafi nisa kuma kilomita 14. Masu yawa sun ɗan ƙara tafiya, na nesa sun ɗan sami sassauci.

Saura zaɓi ɗaya. A ce wani mai faɗa a ji ɗan ƙauye na ɗaya ne, ya ja asibitin zuwa mahaifarsa. Jimilla ta zama 12,600, mafi nisa kuma kilomita 20. Ku kwatanta da ƙauye na biyu ko na uku: ya fi su muni ta fuskar jimilla, ya kuma fi su muni ta fuskar na nesa. Babu ma'aunin da ya ci.

A nan amfanin lissafi ya fito fili, iyakarsa ma ta fito. Lissafi na iya nuna mana zaɓin da ba shi da hujja ko kaɗan, kamar na ƙauye na ɗaya. Yana iya gaya mana farashin kowane zaɓi, da wanda zai biya shi. Amma tsakanin ƙauye na biyu da na uku, tsakanin sauƙin masu yawa da haƙƙin 'yan tsiraru, lamba ba ta yanke hukunci. Wannan magana ce ta adalci, kuma jama'a da shugabanninsu ne za su yanke ta, a fili, kowa na ji.

Masana sun ƙaro wata hanya ta uku. A 1971 Constantine Toregas da Charles ReVelle da abokan aikinsu suka ce a fara da ƙayyade nisa ko lokacin da bai kamata a wuce ba, sannan a nemo mafi ƙarancin cibiyoyin da za su wadatar da kowa. A 1974 Richard Church da ReVelle suka juya tambayar: idan kuɗi bai kai ba, da 'yan cibiyoyin da za mu iya ginawa, mutum nawa za mu iya shigarwa cikin wannan iyaka? A misalinmu, in iyakar kilomita 5 ce, asibiti a ƙauye na biyu ya ɗauki mutum 2,200. Sauran 300 kuwa an san da su, an san inda suke, sai a yi musu tanadi na dabam: ƙaramin ɗakin shan magani, ko ma'aikacin lafiya mai zagayawa, ko motar ɗaukar marasa lafiya. Sanin wanda aka bari a baya shi ne matakin farko na kai masa ɗauki.

(Gajeren kiɗa)

Ƙauye huɗu a kan hanya ɗaya ana iya lissafa shi a bayan ambulan. Amma a ce garuruwa 100 ne, za a zaɓi 10 a gina musu cibiyoyi. Hanyoyin zaɓen sun haura tiriliyan 17. Kwamfutar da ke gwada miliyan ɗaya a kowace daƙiƙa sai ta yi kwana 200 kafin ta gama. Don haka masana suka ƙirƙiro dabarun da ke zubar da tarin zaɓuɓɓuka marasa amfani tun da wuri, su kai ga amsa cikin ɗan lokaci. Hakimi kansa ya rage aikin da ya tabbatar cewa, in jimillar tafiya ake son ragewa, ba sai an bincika kowane taku na hanya ba, ya isa a duba garuruwa da mararrabai.

Wannan ilimi ya daɗe da isowa yankinmu. A 1987 Bola Ayeni na Jami'ar Ibadan da Gerard Rushton da Michael McNulty suka wallafa nazari a kan cibiyoyin lafiya na karkarar jihar Ogun. Sun kwatanta inda aka gina su da inda lissafi ya nuna, suka gano cewa da adadin cibiyoyin nan dai, ba ƙarin ko ɗaya, da an rage wa jama'a tafiya in da an zaɓi wuraren da kyau. A Ghana kuma Joseph Oppong ya yi aiki a gundumar Suhum, ya jawo hankali ga abin da kowane ɗan karkara ya sani: taswirar rani dabam, ta damina dabam. Hanyar da babur ke bi a watan Maris, a watan Agusta rafi ne. Lissafin da ya manta da damina zai nuna cibiya tana kusa, alhali wata uku ko huɗu ba mai iya kai mata.

Haka kuma lissafi ba ya ganin wanda ba a rubuta ba. Lokacin yaƙi da cutar shan inna a arewacin Najeriya, da aka koma amfani da hotunan tauraron ɗan'adam wajen zana taswirar garuruwa, an tarar da ƙananan ƙauyuka da rugage da ba sa cikin taswirorin hannu da ma'aikatan rigakafi ke bi. Shigar da su cikin tsari na daga cikin abin da ya taimaka har aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a watan Agustan 2020. Mutumin da ba ya kan taswira, nauyinsa a lissafi sifiri ne, komai yawan 'ya'yansa.

Akwai kuma abubuwan da sai ɗan gari zai faɗa. Wace hanya ce ba a bi bayan magariba saboda rashin tsaro? Wane fili ne ake rigima a kansa? Ina ne in an haƙa ake samun ruwa, ina ne sai dutse? Wace unguwa ce iyaye ba za su bar 'yan mata su tsallaka babban titi zuwa makarantarta ba? A wane wata makiyaya ke sauka, a wane suke tashi? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Injiniya da kwamfutarsa, in bai zauna da mai unguwa da ungozoma da ɗan acaɓa ba, amsar da zai fitar tsaf take a takarda, amma ta wani gari ce da babu shi.

Kada kuma mu manta da abubuwan da kowa ke bukata amma ba mai son maƙwabtaka da su: juji, da mayanka, da masana'antar da ke zubar da gurɓataccen ruwa. Su ma akwai lissafinsu, na nisanta su daga gidaje ba tare da dako ya gagara ba. In ba a yi shi a fili ba, sanannen abu ne inda suke ƙarewa: unguwar waɗanda ba su da mai tsaya musu.

Saboda haka, 'yan'uwa, ga abin da nake roƙo. Duk ranar da aka ce an kawo wa mazaɓarku aiki, ko kansila ne ya kawo, ko ɗan majalisa, ko ƙungiyar agaji, ko ma ku ne kuka yi karo-karo, ku yi godiya, sannan kafin a haƙa harsashi ku yi tambaya huɗu cikin ladabi. Ta ɗaya: waɗanne wurare aka duba kafin a tsayar da wannan? Ta biyu: da wane ma'auni aka zaɓa, sauƙin masu yawa ko kusantar na nesa? Ta uku: an ƙidaya kowa, har da rugage da 'yan gudun hijira da sababbin unguwanni? Ta huɗu: wa ya fi kowa nisa, awa nawa zai yi a hanya da damina, kuma me aka tanadar masa?

Ba sai kun jira wani ya zo daga birni ba. Malamin lissafi na makarantar sakandaren garinku, da ɗalibansa, da jerin ƙauyuka da adadin gidajensu daga wurin dagaci, sun isa su yi abin da muka yi ɗazu. Ku rubuta sakamakon a allo, ku kai gaban taro. Shugaba mai niyyar alheri zai yi maraba da shi, don ya sauke masa zargi. Ku kuma da Allah ya ba amanar yanke irin wannan shawara, ku tuna cewa wa'adin kujera 'yan shekaru ne, gini kuwa jikoki ma za su tarar da shi, kuma za a tambaye ku a kan kowane taku da kuka ɗora wa mai rauni ba da dalili ba.

Nan za mu dakata a shirinmu na yau.  Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya yi wa shugabanninmu jagora zuwa ga adalci, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

(Kiɗan rufe shiri)